Kishiyar Elektron: Tarihin Amsar da Dirac Ya Ƙi Zubarwa

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato akwai sashen da ake yi wa masu cutar daji gashi. Na'urar da ake aikin da ita tana ingiza ƙwayoyin elektron har su kusa gudun haske, sannan ta buga su a jikin wani ƙarfe, sai hasken eksire mai tsananin ƙarfi ya fito, a saita shi kan ƙarin da ake son ƙonawa. Mara lafiya na kwance, ba ya jin komai sai ƙugin inji. Amma a cikin tsokarsa wani abu yana faruwa wanda, shekara ɗari da ta wuce, babu masanin da zai yarda da shi.

Wani ɗan kaso na hasken, idan ya gitta kusa da cibiyar ƙwayar zarra, yakan ɓace ɗungum, ƙwayoyi biyu su bayyana a gurbinsa. Ɗaya elektron ce irin wadda ke gudu a wayar lantarki. Ɗayar kuwa nauyinta daidai da na elektron, amma cajinta akasin nata ne. Sunanta positron. Ba ta daɗewa: cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba takan gamu da wata elektron, su hallaka juna, su koma haske. Hakan na yiwuwa ne idan makamashin ƙwayar hasken ya haura miliyan 1.022 a ma'aunin elektron-volt, kuma na'urorin gashi irin wannan suna wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba.

Positron ita ce ta farko da aka sani a jinsin da ake kira kishiyoyin ƙwayoyi. Abin da ya bambanta tarihinta da na sauran shi ne, a kan takarda ta fara bayyana, shekara huɗu kafin a ga sawunta a ɗakin gwaji. Wanda ya bi labarin daga farko zai fahimci dalilin da ya sa masana suka daina ɗaukar kishiya a matsayin baƙon abu, suka koma ganin ta a matsayin wajibi ga duk ƙwaya mai caji.

Tambaya ɗaya, amsa biyu

Duk ɗalibin sakandare ya san wannan: wace lamba ce idan aka ninka ta da kanta za ta ba da 25? Amsa ita ce 5, amma kuma −5 ma amsa ce. Masana lissafi sun daɗe ba su san yadda za su yi da ta biyun ba. Brahmagupta na Indiya, a shekarar 628, ya fassara lambar da ke ƙasa da sifili a matsayin bashi, ta sama da sifili kuma dukiya. Al-Khawarizmi, wanda ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajejen shekarar 820, bai lissafa irin waɗannan amsoshi ba sam, domin matsalolin gado da awon gona ba sa buƙatar su. Wanda ke neman faɗin fili ba zai ce kamu biyar ƙasa da babu ba. Al'adar ta zauna: a ɗauki amsar da ta dace da duniya, a jefar da ɗayar.

A tsakiyar shekarun 1920 kimiyyar fiziya tana da manyan ginshiƙai biyu da ba su jitu ba. Na farko ƙa'idar dangantaka ta Einstein ta 1905, mai bayanin abin da ke gudu kusa da haske. Na biyu ƙa'idar kwantam ta Heisenberg da Schrödinger, ta 1925 da 1926, mai bayanin halayen ƙananan ƙwayoyi. Elektron kuwa ƙarama ce kuma tana iya gudu ƙwarai, saboda haka tana buƙatar ƙa'idojin biyu a lokaci guda.

Wanda ya haɗa su shi ne Paul Dirac, haifaffen Bristol a Ingila a 1902, wanda ya fara karanta injiniyancin lantarki kafin ya koma lissafi a Cambridge. Mutum ne miskili, mai tsananin ƙarancin magana. A farkon 1928, yana da shekara 25, ya wallafa jumlar lissafi guda ɗaya wadda ta bi dokokin ɓangarorin biyu. Nasarar ta wuce abin da aka zata, domin juyin elektron da ƙarfin maganaɗisunta, waɗanda a da cusa su ake yi cikin lissafi da hannu, sun fito da kansu.

Sai dai jumlar ta zo da kaya. A lissafin Einstein, makamashi yana bayyana ne a ninke da kansa, kamar 25 ɗin nan, don haka amsa biyu ke fitowa: makamashi sama da sifili da makamashi ƙasa da sifili. A tsohuwar fiziya ana iya watsar da ta biyu babu asara. A ƙa'idar kwantam kuwa ƙwaya tana iya tsalle daga wani mataki zuwa wani, kuma lissafi ya nuna babu abin da zai hana elektron faɗawa matakan ƙasa da sifili, ta yi ta gangarawa ba iyaka tana zubar da haske. Da haka ne, da babu ƙwayar zarrar da za ta tsaya ko na ƙiftawar ido.

Gurbi a cikin sahu

Dirac ya shafe kusan shekara biyu yana fama da wannan. A ƙarshen 1929 ya zo da mafita mai ban mamaki. Tun 1925 Wolfgang Pauli ya nuna cewa elektron biyu ba sa zama a mataki ɗaya. Sai Dirac ya ce, to, a ɗauka dukkan matakan ƙasa da sifili a cike suke maƙil, a ko'ina, kullum. Abin da ake kira sarari maras komai teku ne na elektron da ba a gani, kuma elektron ta yau da kullum ba ta faɗawa ne kawai domin babu masaka tsinke.

Idan haske mai ƙarfi ya fizgo elektron ɗaya daga tekun fa? Za a ga elektron, za a kuma bar gurbi. Wanda ya taɓa lura da cikakken sahu a masallaci ya san yadda gurbi ke tafiya: mutum ɗaya ya fita, na kusa ya matsa dama ya cike, na bayansa ma haka, sai a ga gurbin yana tafiya hagu kamar wani abu mai zaman kansa. Rashin caji mai ragi a inda ya kamata a same shi daidai yake da samuwar caji mai ƙari. Gurbin zai yi halin ƙwaya sosai da sosai.

A nan Dirac ya yi tuntuɓe. A lokacin ƙwayoyi biyu kaɗai aka sani a ginin zarra, elektron da proton, kuma ƙirƙiro sabuwa daga lissafi ba abin da ake yi ba ne. Sai ya ce gurbin proton ce. Amma proton ta ninka elektron nauyi sau 1,836. Hermann Weyl ya nuna cewa lissafin ya wajabta gurbin ya zama da nauyin elektron daidai wa daida. Robert Oppenheimer a Amurka da Igor Tamm a Rasha, kowa da kansa, suka nuna a 1930 cewa da proton ce gurbin, da elektron da proton na haidirojin sun cinye juna nan take. A 1931 Dirac ya sallama, ya rubuta cewa gurbin sabuwar ƙwaya ce da gwaji bai san ta ba, ya kira ta kishiyar elektron, ya ƙara da cewa proton ma tilas tana da tata. Manya irin su Niels Bohr da Pauli ba su gamsu ba.

Hoton 2 ga Agusta

A Pasadena da ke Kalifoniya, wani matashi mai suna Carl Anderson yana aiki ƙarƙashin Robert Millikan kan ƙwayoyin da ke kwararowa duniya daga sararin samaniya. Kayan aikinsa akwati ne mai cike da tururi, wanda idan ƙwaya mai caji ta ratsa takan bar siririn layin raɓa, kamar sawun maciji a rairayi. Ya kewaye akwatin da babban maganaɗisu mai lanƙwasa hanyar ƙwayoyi, masu ragi zuwa wani gefe, masu ƙari zuwa ɗayan. Matsalar ita ce, hoto ba ya nuna inda ƙwaya ta dosa: elektron mai hawa sama da ƙwaya mai ƙari mai saukowa layi iri ɗaya suke bari.

Anderson ya gicciya farantin dalma mai kaurin milimita 6 a tsakiyar akwatin. Ƙwayar da ta ratsa dalma dole ta rage gudu, kuma mai ƙaramin gudu ta fi lanƙwashewa, don haka gefen da layin ya fi tanƙwara shi ne inda ta nufa. Ranar 2 ga Agusta 1932 ya sami hoton da ya raba gardama. Ƙwayar mai caji ƙari ce, amma proton mai irin wannan lanƙwasa da ta tsaya bayan 'yan milimita, wannan kuwa ta yi tafiyar da ta ninka haka kusan sau goma. Nauyinta na elektron ne.

Anderson ya faɗa daga baya cewa bisa katari ya gamu da ita, ba hasashen Dirac yake bi ba. Patrick Blackett da Giuseppe Occhialini ne a Cambridge, a farkon 1933, suka ɗauki hotunan da ke nuna layuka biyu suna fitowa daga ɗigo ɗaya, ɗaya ya karkata dama ɗaya hagu, suka kuma danganta su da lissafin Dirac. An ba Dirac kyautar Nobel a 1933 tare da Schrödinger, Anderson kuma a 1936.

Ruwan ƙwayoyin da Anderson ya nazarta bai tsaya ba har yau. Mafi yawan masu caji da ke isowa doron ƙasa muwon ne, 'yan uwan elektron masu nauyi, waɗanda shi da Seth Neddermeyer suka gano a 1936. Kimanin ɗaya ke ratsa tafin hannun mutum a kowace daƙiƙa, a Kasuwar Shehu Shagari yake ko a tsakar gidansa, kuma fiye da rabinsu kishiyoyi ne.

Fage ɗaya mai fuska biyu

Tekun Dirac ya kai ga gaskiya, amma bai yi ƙarko ba. Ya dogara da dokar Pauli, alhali akwai ƙwayoyin da dokar ba ta hau kansu ba, waɗanda dubbai za su iya cunkusuwa a mataki ɗaya, tekunsu ba zai taɓa cika ba. A 1934 Pauli da Victor Weisskopf suka yi lissafin irin waɗannan ƙwayoyi, sai ga kishiya ta sake fitowa, babu teku babu gurbi. A shekarar dai Wendell Furry da Oppenheimer suka sake rubuta lissafin elektron kanta ba tare da tekun ba. Ashe tushen lamarin yana wani wuri.

Wurin shi ne abin da ake kira ƙa'idar fagen kwantam. A wannan fahimta, asalin abu shi ne fage, wata shimfiɗa da ta game sarari duka, ƙwaya kuma motsi ce a jikin fagen, kamar yadda igiyar ruwa take motsi a jikin gulbi. Akwai fagen elektron guda ɗaya a duniya, shi ya sa elektron ta Sakkwato da ta tauraro mafi nisa ba su da bambanci ko kaɗan. Alamar lissafin da ke wakiltar wannan fage aiki biyu take yi a tare: tana ɗauke elektron daga wuri, ko ta samar da positron a wurin. A littafin lissafin caji ayyukan biyu sakamakonsu ɗaya, kamar yadda yafe wa ɗan kasuwa bashin naira dubu da ba shi naira dubu a hannu suke ƙara masa arziki daidai da juna. Amsoshin nan na ƙasa da sifili da suka hana Dirac barci su ne rabin da ke samar da kishiya, kuma makamashin kishiyar sama da sifili yake kamar na kowa.

Me ya sa dole fagen ya haɗa ayyukan biyu? Ƙa'idar Einstein ta nuna cewa idan abubuwa biyu sun faru a wurare biyu, kuma tazarar lokacinsu ta yi kaɗan har haske ba zai iya zuwa daga ɗaya zuwa ɗayan ba, to masu kallo biyu da ke gudu daban za su saɓa a kan wanne ya riga. Ƙa'idar kwantam kuma ta bar wata 'yar kafa, a tazara ƙanƙanuwa, ta yadda ƙwaya za ta iya ɓacewa nan ta bayyana can a tsakanin irin waɗannan wurare. Mai kallo na farko zai ce elektron ta bar wuri na ɗaya ta isa na biyu. Mai kallo na biyu, wanda a wurinsa abin da ya faru a wuri na biyu ne ya riga, ba zai ce ta isa kafin ta tashi ba. Zai ce wani abu ya tashi daga na biyu ya isa na ɗaya, ɗauke da akasin caji. Misalinsa fatake biyu: ɗaya ya ce kuɗi sun tashi daga Sakkwato zuwa Kano, ɗayan ya ce takardar bashi ce ta tashi daga Kano zuwa Sakkwato. A ƙarshe asusun Sakkwato ya ragu, na Kano ya ƙaru, a ruwayoyin biyu. Kafin ruwaya ta biyu ta yiwu, tilas a sami ƙwaya mai nauyin elektron da akasin cajinta. Kuma a cikakken lissafi gudummawar ƙwaya da ta kishiya suna soke juna daidai a irin wannan tazara, abin da ke hana saƙo ya riga haske, ya kuma hana sakamako ya riga sanadi.

Wannan ne ma'anar maganar da Ernst Stueckelberg ya kawo a 1941, Richard Feynman ya yaɗa ta a 1949, cewa positron tamkar elektron ce mai tafiya baya a cikin lokaci. Hanyar lissafi ce. Babu wanda ke aika saƙo zuwa jiya. Gerhart Lüders da Pauli, a 1954 da 1955, suka tabbatar da dokar da ta ɗaure lamarin: nauyin ƙwaya da tsawon ranta dole su yi daidai da na kishiyarta. Kalmar kishiya rabin dangantakar ta kama. Idan sun haɗu suna hallaka juna, gaskiya ne, amma daga haske tare ake haifar su, kamar Hassan da Husaini. Akwai kuma ƙwayoyi marasa caji, irin su ƙwayar haske, waɗanda su ne kishiyar kansu. Ettore Majorana na Italiya ya nuna a 1937 cewa hakan na iya yiwuwa ga ƙwaya irin niyutirino, kuma har yau gwaje-gwaje na neman amsar.

Ina sauran rabin?

Kishiyar proton da Dirac ya ambata ta ɗauki shekara 24 kafin a gan ta. Sai da aka gina na'urar Bevatron a Berkeley, inda Emilio Segrè da Owen Chamberlain da abokan aikinsu suka samo ta a 1955. Kishiyar niyutiron ta biyo baya a 1956. A 1995 cibiyar CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa ta haɗa zarra tara na kishiyar haidirojin. A 2011 an riƙe irinsu a tarkon maganaɗisu har daƙiƙa 1,000, a 2023 kuma aka nuna cewa idan an sake su ƙasa suke faɗowa kamar kowane abu. Duk awon da aka yi ya gaskata daidaiton da ƙa'ida ta faɗa.

Wannan daidaito shi ya haifi babbar tambaya. Idan tare ake haifar su, to a farkon duniya, lokacin da zafi ke samar da su bibbiyu, ya kamata adadinsu ya zo ɗaya, su ƙarar da juna, a bar haske tsantsa. A jawabinsa na Nobel Dirac ya yi tunanin wataƙila rabin taurari da kishiyoyi aka gina su. Binciken sama bai nuna alamar haka ba. Lissafi ya nuna cewa a kan kowace kishiya biliyan ɗaya an sami rarar ƙwaya kimanin ɗaya, kuma daga wannan rara aka sami taurari da ƙasa da jikin ɗan Adam.

An fara ganin ɗan bambanci a 1964, lokacin da James Cronin da Val Fitch a Brookhaven suka tarar da wata ƙwaya mai suna kayon tana rushewa ta hanyar da cikakken daidaito ya haramta, kimanin sau biyu cikin dubu. A 1967 Andrei Sakharov ya zayyana sharuɗɗa uku da za su iya samar da rara, irin wannan bambanci na cikinsu. Amma bambancin da aka auna zuwa yanzu ya yi kaɗan ƙwarai, bai isa ya bayyana rarar da ake gani ba.

Minti 110

Hallakar positron da elektron tana da hatimi: ƙwayoyin haske biyu, kowace da makamashi dubu 511 na elektron-volt, suna fita baya da baya a kan layi ɗaya. A tsakiyar shekarun 1970 Michel Ter-Pogossian da Michael Phelps da Edward Hoffman, a Jami'ar Washington da ke St. Louis, suka gina na'urar hoton jiki a kan wannan hatimi, wadda aka sani da PET. Ana yi wa mara lafiya allurar sukari da aka liƙa wa sinadarin fulorin-18 mai fitar da positron. Ƙwayoyin cutar daji sun fi lafiyayyu cin sukari, don haka a can yake taruwa. Zoben na'urar yana kama hasken bibbiyu, kwamfuta ta ja layukan, inda suka haɗu nan cutar take, ko da ta yaɗu zuwa wurin da ba a zata ba. Likitan da ya ga wannan hoto ya san ko gashi zai wadatar ko kuwa sai an sauya magani.

A Najeriya irin wannan na'ura ƙalilan ce, kuma a Legas aka fara kafa ta. Tsada na cikin dalilai, amma akwai wani dalilin da kuɗi ba sa sauyawa: rabin fulorin-18 yana ƙarewa a duk minti 110. Bayan awa 11 kashi ɗaya cikin 64 ne ya rage, alhali motar da ta taso daga Legas ba ta iso Sakkwato ba tukuna. Garin da ke son hoton PET yana buƙatar injin da ke samar da sinadarin a kusa, da wutar lantarki da ba ta yankewa, da masana fiziya da kimiyyar haɗa magunguna da suka san aikin. Su kuwa a azuzuwan jami'a ake samun su, a darussan da ake yawan tambayar amfaninsu lokacin rabon kasafi.

Sakkwato ba baƙuwar irin wannan karatu ba ce. Hugh Clapperton, a zuwansa na biyu tsakanin 1826 da 1827, ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello littafin Iƙlidis na ilimin awo cikin Larabci, ya kuma rubuta cewa ya tarar da shi zaune da littafin a gabansa. Bello ya shaida masa cewa gidansu na da kwafi da aka kawo daga Makka, gobara ta cinye. Littafi ne na layuka da kusurwoyi, ba ya ciyar da doki, ba ya gina ganuwa, amma mai mulkin daula ya ga ya cancanci lokacinsa. Tsakanin jumlar Dirac ta 1928 da hoton PET na farko an yi kusan shekara 47, kuma babu wanda ya hango asibiti a cikinta ranar da aka wallafa ta.